Yadda Na Zama Injiniya a Unguwar Dosa

Tun ranar da na sauko daga mota a tashar Maraɗi ban sami sakat ba. In na zauna a rumfata zan liƙe mazurari, sai wani ya tsuguna ya ce, "Idi, wai da gaske ka yi jawabi a lasifika?" In na fito masallaci, a bakin ƙofa a tare ni. Har surukina, wanda bai taɓa tambayata komai ba sai lafiyar 'yarsa, ya aiko a ji masa. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, ni ma in koma kan gwangwanina.

Kun dai san abin da ya fitar da ni. Fari ya wuce, amma ya tafi da kasuwa. Manomin da ya sayar da shanunsa ba ya sayen garwar ban-ruwa, macen da ba ta da man gyaɗa ba ta neman mazurari. Sai in wuni ina kallon fitilun aci-balbal da na ƙera, su ma suna kallona. Kowa kuwa cewa yake Nijeriya kuɗin mai ya yi musu yawa har sun rasa inda za su zuba shi. Sai na tuna ina da wa a Kaduna, Alhaji Garba, ɗan wan mahaifina, wanda ya bar gida tun ina yaro, yana sayar da kwanuka a Babbar Kasuwa. Na gaya wa matata Hadiza zan je in nemi aiki a wurinsa. Ta ɗaure mini kilishi a takarda, ta ce, "In ka samu ka aiko, in ba ka samu ba ka dawo. Kada ka tsaya tsakani."

A iyakarmu ba a wahalar da mu ba. Jandarma ya leƙa, ya ƙirga kawuna, ya ɗaga sanda. A ɓangaren Jibiya ne aka sauke mu duka. Wani jami'i mai gashin baki ya zazzage buhuna a kan tebur: almakashin ƙarfe, guduma, ƙarfen liƙi biyu, da sandunan dalma. Ya jawo takarda zai cike.

"Suna?"

"Idi."

"Sana'a?"

"Maƙerin gwangwani, ranka ya daɗe."

Ya tsaya da alƙalami a sama. Takardar da Turanci ake cika ta, shi kuwa bai san sunan sana'ata da Turanci ba. Ya tambayi abokin aikinsa, wannan ya ce shi ma ba a koya musu ba. Ya juyo gare ni.

"Da ƙarfe kake aiki?"

"Da shi."

"Da wuta?"

"Da wuta."

"Kana gyara abin da ya lalace?"

"In mai gyaruwa ne."

"To injiniya ke nan," ya ce, ya rubuta, ya buga hatimi. Ban musa ba. Mai hankali ba ya gardama da mutumin da ke riƙe da hatimi.

A Katsina na shiga babbar mota mai bodin katako. Aka dasa ni a kan buhun albasa kusa da wani dogon mutum mai suna Audu. Shekara shida ya yi yana aiki a masaƙa a Kaduna, aka rage ma'aikata, ragin ya hau kansa. Ya je gida ya ga iyaye, yanzu zai koma ya ji ko an fara ɗauka. Na buɗe kilishina na miƙa masa don ladabi, shi kuwa ya karɓa da gaske. Yana tauna ya tambaye ni abin da zai kai ni. Da na ce neman aiki, sai ya ƙware, har na bubbuga masa baya.

"Bawan Allah," ya ce, "ka ɗauko mana abin da ya fi yawa a garin. Marasa aiki ai a Kaduna ake sarinsu."

"To kuɗin man fa?"

"Ana nan ana jin labarinsa a rediyo."

Kafin Funtuwa motar ta fara tari, ta yi ta yi har ta mutu a bakin tasha. A nan muka kwana. Da safe na je wurin mai shayi na ce a ba ni burodi, ya miƙo mini wani abu mai kusurwa huɗu, mai taushi kamar matashin kai. Na matsa shi da yatsa, ya lotsa, ya taso. Ku da kuka saba da namu, dogo mai tauri, wanda in kare ya biyo ka kana da makami a hannu, ba za ku gane ba. Wannan in ka tsoma shi a shayi sai ya shanye shayin ya bar ka da kofi. Sau biyu ana ƙara mini.

Muka wuce Zariya da hantsi, azahar ta yi mana a tashar Kawo. A nan muka rabu da Audu, bayan ya taimaka mini na ga ƙarshen kilishin. Na tambayi wani mutum hanyar Unguwar Dosa. Ya ce, "Ka tafi gaba, za ka ga mata yana sayar da doya, ka tambaye shi." Na tsaya ina tunanin wa zan nema, mace ko namiji. Daga baya na gane Hausar Kaduna ke nan. Kowa ya zo da tasa daga garinsu an zuba a tukunya ɗaya, kuma ba mai gyara wa wani.

Gidan Yaya Garba bai yi wuyar ganewa ba, don hotonsa na manne a bango har guda bakwai, da doguwar hula, yana kallon sama kamar mai duban wata. Ashe soja sun ce a yi zaɓen kansiloli, Yaya kuwa ya tsaya. Zauren cike yake da mutane, kowa da kwano a gabansa. Ya rungume ni, ya tambayi na gida ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka rasu. Matarsa, Hajiya Kande, ta aiko mini da shinkafa. Na ɗauka don ni aka dafa, na yi ta godiya. Ashe mutanen Kaduna shinkafa suke ci ranar da ba suna ba biki. Kwanana uku ina neman fura, aka ce sai in an ci sa'a Fulani sun shigo.

Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce in nuna masa takardata ya ga kwana nawa aka ba ni. Wani malamin makaranta da ke zauren ya karanta masa. Da ya kai wurin sana'a, Yaya ya ce ya sake karantawa. Ya sake. Sai Yaya ya tashi ya rufe ƙofar zaure.

Ga yadda abin yake. Abokin takararsa wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne, Malam Sani, ɗan unguwar ne amma yana zaune a Unguwar Rimi cikin masu katanga da motoci. Dattawa sun sa ranar Asabar su biyun su tsaya gaban jama'a a filin firamare, kowa ya faɗi yadda zai samar wa mutane aiki. Malam Sani yana da fayil, yana da Turanci. Yaya ba shi da ko ɗaya.

"Amma yanzu," in ji shi, "ina da injiniya daga ƙasar waje."

"Yaya, Maraɗi ce fa."

"Maraɗi a Nijeriya take?"

"A'a."

"To me na faɗa wanda ba daidai ba? Kana jin Faransanci?"

Na ce abin da na tsinta a bakin direbobi da jandarmomi ne, bai fi kalma biyar ba. Ya ce sun isa, shi zai fassara. In ya ci zaɓe zai kafa kamfani, ni ne manaja.

Hajiya Kande tana jin mu daga tsakar gida. Ta ɗaga murya ta ce, "Alhaji, baƙo da takardar kwanaki za ka hau da shi kan tebur ɗin siyasa? In aka kama shi aka watsa a iyaka, kai za ka je ka gaya wa matarsa?" Yaya ya ce mata ba su san siyasa ba. Ta ce, "Mun san wanda ke dafa mata abinci dai."

Maganarta ta tsaya mini a rai. Amma ina cin tuwon mutum, ina kwana a ɗakinsa, kuma wana ne. Ranar Asabar aka aro mini kwat a wurin wani maƙwabci mai aikin jirgin ƙasa. Hannun ya wuce yatsuna, aka naɗe. Aka ɗaura mini ɗamarar wuya irin ta Turawa, aka ja har na ji kamar akuyar da za a kai kasuwa. Aka ɗora mini tabarau na kakar wani, wanda in na sa sai in ga kowa biyu-biyu.

Bayan la'asar filin ya cika. Ga 'yan kasuwa, ga masu sana'a, ga waɗanda aka sallama daga masaƙa, ga masu takardar gama makaranta a aljihu, ga mata a gefe ƙarƙashin mangwaro. Can baya kuma wani ɗan sanda ya jingina da kekensa. Da tabarau ɗin nan su biyu nake gani.

Hedimasta ne alƙali. Ya ba Malam Sani lasifika. Siriri ne, mai furfura, mai magana a hankali. Ya buɗe fayil ya ce tun da aka ƙara wa ma'aikata albashi kaya suka yi tsada, kowa ya bar gona ya taho birni, komai sai an kawo mana a jirgin ruwa, har kazar da za mu ci. Har nan mutane suna gyaɗa kai, don gaskiya ce. Sai ya ce maganin abin shi ne kowane gida ya kiwata kajin Turawa a bayan ɗaki, kuma in an zaɓe shi zai kafa kwamiti ya duba lamarin.

Wata tsohuwa mai ƙosai ta taso daga ƙarƙashin mangwaro. "Malam, kajin nan me za su ci?"

"Masara, Inna."

"Mu da ba mu sami masarar ba fa? Ko kwamitin za su ci?"

Fili ya ɗauki dariya. Malam Sani ya juya takardun fayil yana neman amsa, bai same ta a ciki ba.

Yaya ya karɓi lasifika yana gyara babbar riga. Ya ce shi bai san kaji ba, shi mutane ya sani. Ya ce mutumin da ke kwana a Unguwar Rimi ba zai san inda ke yi wa Unguwar Dosa ƙaiƙayi ba. Ya ce zai kawo kamfani, babba, mai hayaƙi, wanda zai ɗauki kowa, har da masu gadi uku-uku a kowace ƙofa. Mutanen zaurensa suka yi ta tafi.

Wani tela ya ɗaga hannu. "Alhaji, kamfanin me zai riƙa yi?"

"Abin da jama'a ke bukata."

"Me jama'a ke bukata?"

"Aiki mana!"

"To kamfanin aiki zai riƙa ƙerawa, a zuba a kwali?"

Da Yaya ya ga ƙasa na zamewa, sai ya nuna ni. Ya ce ba da baki kawai ya zo ba, ga injiniya nan ya taso takanas daga ƙasar waje don ya duba inda za a kafa kamfanin. Ba ya jin Hausa, amma shi zai fassara. Aka tura ni gaba. Na taka gefen tebur da bai kai inda nake ganinsa ba, na yi tangaɗi, hedimasta ya tare ni.

Na kama lasifika na ce, "Bonjur."

Aka yi tafi. Yaya ya ce, "Ya ce yana gaida dattawa, da malamai, da iyayenmu mata, kuma bai taɓa ganin unguwar da ta dace da kamfani kamar wannan ba."

Na ce, "Sa ba?"

"Ya ce a ƙasarsu ma an yi wahala, kamfani ne ya fid da su."

Na ce, "Atansiyo."

"Ya ce a yi hattara da masu kaji."

Saura kalma biyu a hannuna, ina lissafin yadda zan raba su, sai na ji murya daga tsakiyar taro.

"Idi! Kai Idi! Ba kai ba ne na kan buhun albasa?"

Na ɗaga tabarau. Audu ne, tsaye, ya fi kowa tsawo, fuskarsa cike da murnar ganin ɗan'uwa. Ba da mugunta ya yi ba, wallahi. Ya juya yana gaya wa na kusa da shi, "Tare muka taho daga Katsina. Mutumin kirki ne, ga kilishi. Idi, ashe har ka sami aikin?"

Na ga ɗan sandan nan ya bar jingina da keke ya miƙe. Yaya yana raɗa mini, "Ka ce mersi, ka ce mersi." Ni kuwa Hadiza ce ta faɗo mini a rai, da abin da za a je a gaya mata. Na ga in ƙarya za ta kai ni iyaka, gara gaskiya ta kai ni. Na cire tabarau na sa a aljihu, na sassauta abin wuyan nan, na yi sallama da Hausar da uwata ta koya mini.

Dariyar da aka yi, har tsuntsaye suka tashi daga kan mangwaro. Na jira ta lafa. Na ce sunana Idi, maƙerin gwangwani ne ni daga Maraɗi, injiniyancin a Jibiya aka ba ni, ban roƙa ba. Na ce ban zo duba wurin kamfani ba, aiki na zo nema kamar rabin mutanen da ke filin nan, na bar mata da yara uku. Ban san yadda ake gyara ƙasa ba. Amma kwanana biyar a Kaduna, ban taɓa ganin garin da ke zubar da gwangwani kamar nasu ba. Na madara, na tumatir, na man girki, ga su nan tuli a kowace bola, akuya na lasa. A garinmu mace tana ajiye gwangwani ɗaya shekara guda. Na ce wanda ya ba ni inuwa da gawayi, zan mayar masa da bolar nan fitila da mazurari da ludayi.

Tsohuwa mai ƙosai ta ce, "To ga wanda za mu zaɓa."

Hedimasta ya ce ba ya cikin takara, ba ma ɗan ƙasa ba ne. Ta ce ita dai ta faɗi nata. Taro ya watse ana dariya. Ɗan sandan ya zo har gabana. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kwat ɗin nan na Malam Bala ne na reluwe ko?" Na ce nasa ne. Ya ce, "Ka gaya masa ina gaishe shi," ya hau kekensa.

Yaya bai yi mini magana ba har muka isa gida. Hajiya Kande kuwa ta zuba mini nama biyu a miya.

Washegari da safe mota ta tsaya a ƙofar gida, Malam Sani ya fito. Yaya ya ce in shige bayan buhunan shinkafa, ƙara ya kawo. Ina can a tsugune na ji ya yi sallama, suka gaisa da Yaya kamar ba su ne jiya ba.

"Alhaji, baƙon nan naka nake nema."

"Ya fita."

"Ga ƙafarsa can."

Na fito ina kaɗe riga. Malam Sani ya yi gyaran murya, ya rage sauti. Ya ce kajin nan da yake wa mutane wa'azi a kansu, nasa suna ƙarewa. In ya sa musu ruwa a kwano sai 'yan tsakin su faɗa ciki su mutu, in bai sa ba ƙishirwa ta kashe su. Abin shan ruwansu na ƙasar waje an ce yana cikin jirgi, wata huɗu ke nan. Ya zana mini shi a bayan wata takarda daga fayil ɗinsa. Na duba na ga gwangwani ne a kife a kan faranti, da 'yar huda a gindi.

"Za ka iya?"

"Ranka ya daɗe, kafin azahar."

A ƙarƙashin wani dalbejiya a bayan gidansa na kafa maƙera. Na je na nemo Audu, na ce tun da ya tona mini asiri sai ya biya da ƙafarsa. Shi ke zagaya bola da buhu, ni ina yanka ina liƙewa. Ashe duk Unguwar Rimi ciwo ɗaya ke damunsu. Manyan ma'aikata masu direba, kowa da matattun 'yan tsaki a bayan gida yana ɓoyewa. Maƙwabci ya gaya wa maƙwabci. Sai ga mutum da kwat ya tsuguna a gabana yana cewa a sa shi a layi. Kafin mako biyu Audu ya iya riƙe ƙarfen liƙi ba tare da ya ƙona kansa ba, sai jefa-jefa. Na sami wani direba mai zuwa Maraɗi na aika wa Hadiza saƙo na farko.

Da labari ya bazu, sai 'yan takara suka fara faɗa a kaina. Malam Sani ya ce kajinsa ne suka samar da aikin. Yaya ya ce shi ya kawo ni ƙasar, kuma kamfanin da ya yi alkawari ke nan ya fara, hayaƙin ma ga shi ana gani. Ya sauko daga fushi har ya zo ya tsaya kusa da gawayina aka ɗauke shi hoto.

Ranar zaɓe dukansu suka faɗi. Wani mai gidan burodi ne ya ci, wanda bai zo filin firamare ba, bai yi jawabi ko ɗaya ba. Shi dai an san ya gyara kwalbatin da ke cinye ƙafar mutane a bakin masallaci. Faɗuwar ta haɗa Yaya da Malam Sani. Kullum da yamma sai ka gan su a rumfar Yaya a kasuwa, suna shan shayi, suna mamakin rashin godiyar jama'a. Kafin in taho har sun kafa kwamiti su biyu, Malam Sani shugaba, Yaya mataimaki, don binciken dalilin da ya sa mutane ba su da aiki. Sun ce in shiga, na ce kwanakin takardata sun ƙare.

Na bar wa Audu ƙarfen liƙi ɗaya da tsohon almakashina. Ya rako ni Kawo, ya saya mini burodin nan mai taushi, ya ce in kai wa yara su gani. A hanya na zauna a kansa ban sani ba, ya iso Maraɗi kamar tabarma.

Da na shiga gida, bayan an gaisa yara sun gama tsalle, Hadiza ta kawo mini fura a ƙwarya. Na sha har na ga gindinta. Ta zauna tana kallona.

"To, a Kadunan aikin ya samu?"

"Ya samu. Na mutum biyu, ni da wani Audu."

"Sauran mutanen garin fa?"

Na goge baki na ce, "Suna can suna taro a kai."